Yadda Ake Feɗe Tallan Talabijin: Abin da Ke Ciki, Wanda Ake Nufi da Saƙon da Ba a Furta Ba

Wata ranar azumi, saura kamar minti 10 a sha ruwa, muna zaune a tsakar gida an fito da talabijin waje saboda zafi. Aka sako tallan wata taliya, sai 'yar ƙanwata, yarinya 'yar shekara 4, ta miƙe tsaye tana bin waƙar kalma bayan kalma, har inda mai waƙar yake jan numfashi ita ma sai ta ja. Babu wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Washegari da aka aike ni kanti ta biyo ni, ta nuna ledar taliyar da yatsa, ta kafe ita wannan take so, alhali ga wata a gefenta girmansu ɗaya kuma ta fi araha.

Tun ranar na daina yi wa talla kallon cike gurbi. Tallan nan daƙiƙa 30 ne kawai, amma mutanen da suka haɗa shi sun kwashe makonni suna muhawara kan launin ɗankwalin uwar da za a nuna da kalmar da za a rufe waƙa da ita. Talabijin ɗinmu yana nuna hoto 25 a kowace daƙiƙa, ke nan daƙiƙa 30 hoto 750 ne, kuma kowane ɗaya an biya kuɗinsa. A Amurka, a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka da ake kira Super Bowl na 2024, sai da kamfanoni suka biya kusan dala miliyan 7 kafin a ba su waɗannan daƙiƙu 30. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba ya barin komai ya shiga hoto da ka. Mu kuwa da rabin ido muke kallo, hannu ɗaya a cikin kwano, ɗaya riƙe da waya. Abin da ke tafe hanya ce ta rage wannan tazara, ko kai ɗalibin aikin jarida ne da aka ba aiki, ko malami, ko mai ƙaramar sana'a da ke son yin nasa tallan, ko kuma uba ko uwa da ke son sanin abin da ake zuba wa yaransu a kunne.

Mataki na farko: kama tallan ka riƙe

Ba a feɗe abin da ke gudu. Ɗauki wayarka ka naɗi tallan daga fuskar talabijin, ko ka neme shi a shafin kamfanin na YouTube ko Facebook. Sai dai ka lura, wanda ke intanet sau da yawa ya fi tsawo, na talabijin an datse shi zuwa daƙiƙa 15, 30 ko 45, kuma abin da aka zaɓa aka bari bayan datsewa shi ne zuciyar tallan.

A saman takardarka rubuta sunan tasha, rana, ƙarfe nawa, shirin da aka katse aka sa tallan, da sau nawa aka maimaita shi a daren. Mutane da yawa suna tsallake wannan, daga baya su rasa abin da za su kafa hujja da shi idan an zo maganar masu kallo.

Mataki na biyu: kallo uku, kowanne da nasa aiki

Kallon farko ka yi shi kamar kowa, kada ka tsayar, kada ka yi nazari. Yana ƙarewa ka rubuta abu biyu cikin gaggawa: me ka ji a ranka, kuma me ka fi tunawa? Yunwa ce ta taso maka, ko dariya, ko wata 'yar fargaba, ko kewar gida? Rubuta gaskiya. Wannan amsar ita ce abin da mai tallan ya saya da kuɗinsa, sauran aikin duk binciken yadda aka yi aka kai ka can ne.

Kallo na biyu ka kashe sauti gaba ɗaya. A nan ne aikin yake, kuma a nan nake so ka daɗe. Raba takarda gida uku: daƙiƙa, abin da ido ya gani, da nisan kyamara. Duk sanda hoto ya yanke ya koma wani, ka ja layi. Za ka yi mamakin yawan yankan. Tallan lemon kwalba ko na data yakan yi ta tsalle daga hoto zuwa hoto don ya sa jini ya motsa, na banki ko inshora kuwa yakan tafi a hankali, saboda natsuwa yake sayarwa. Ka lura da daƙiƙar da hajar ta fara bayyana. Idan tun farko aka nuna ta, kamfanin yana son ka san sunansa ne. Idan sai can ƙarshe, bayan an ba ka labari ya kama zuciyarka, to so ake a ɗaura wannan shauƙin a wuyan hajar.

Akwai dalilin da ya sa jerin hotuna yake da wannan ƙarfi. Sama da shekara 100 da suka wuce, wani mai shirya fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa guda wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da gawar yarinya a akwati, ya sake haɗa ta da wata mace a kishingiɗe. Masu kallo suka ga yunwa a ta farko, baƙin ciki a ta biyu, sha'awa a ta uku, alhali fuskar ɗaya ce. Haka talla yake aiki har gobe. A nuna yaro yana shan madara, a yanke, a nuna shi ya ɗaga hannu a aji malam yana murmushi. Babu wanda ya ce madarar ce ta ba shi ƙwaƙwalwa. Kai ka haɗa su a kanka, kuma abin da mutum ya haɗa da kansa ya fi yarda da shi fiye da wanda aka gaya masa. Duk inda ka ga hoto biyu maƙwabta, tambayi kanka: wace jimla ce ke tsakaninsu da aka bar mini in cike?

Kallo na uku ka juya wa talabijin baya, kunne kaɗai. Rubuta duk kalmar da aka faɗa, kada ka taƙaita. Muryar wa ke magana, namiji ko mace, dattijo ko matashi? Sau nawa aka ambaci sunan hajar? Wane irin kiɗa ne, kalangu, ko irin na finafinan Kano, ko na zamani mai bugun ƙirji? Akwai kuma ƙananan sautuka da ake ƙara wa ƙarfi da gangan: ƙarar buɗe kwalba, cuwwar albasa a cikin mai, kukan jariri da ya tsaya cak. Sai kirarin ƙarshe, 'yar gajeriyar jimlar da ake rufe talla da ita. Mu da muka taso muna jin maroƙa da 'yan talla a lungu mun san aikin kirari: ba hujja ba ce, abin da zai maƙale a baki ne.

Mataki na uku: tantance abin da ke ciki

Yanzu kana da takardu biyu, ta ido da ta kunne. Ajiye su gefe da gefe ka fara tambaya.

Bari in ɗauki wani nau'in talla da duk mai kallon tashoshin Arewa ya sha gani, musamman da azumi, wato tallan dunƙulen ɗanɗanon miya. Kamfanoni daban-daban ne, amma ƙashin bayan labarin kusan ɗaya ne. Ga matar gida a kicin, dangin miji za su zo shan ruwa. Fuskarta da ɗan damuwa. Ta ɓare dunƙule ta marmasa a tukunya, kyamara ta matso har kana ganin garin yana narkewa, tururi ya tashi. A yanke zuwa falo. Uwar miji ta kai cokali baki, aka yi shiru na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ta gyaɗa kai. Miji ya dubi matarsa da murmushi, waƙa ta tashi.

Fara da mutanen. Wa ke aiki, wa ke zaune? Wa ke yanke hukunci? A wannan tallan mai girki ba ita ce mai iko ba, ikon yana bakin wadda ta ɗanɗana. Duba shekarunsu, launin fatarsu, suturarsu. Atamfar jikinta sabuwa ce kar, hannunta da lalle, babu ɗigon gumi ko ɗaya a goshinta duk da tana gaban wuta da azumi a baki.

Sai wurin. Kicin ne mai tayil da murhun gas da firji, ba murhun itace ko kurfoti ba, alhali mafi yawan masu sayen dunƙulen nan ɗaiɗai suke saye a teburin mai kayan miya. Wannan ba kuskure ba ne. An ɗaga gidan sama kaɗan da na mai kallo, daidai inda burinta zai iya kaiwa, ba a kai shi can ƙololuwa inda za ta ce wannan ba namu ba ne.

Sai launi. Ka duba labule, kwanuka, ɗankwali, har da murfin tukunya, za ka tarar launin takardar dunƙulen yana yawo a ko'ina. Kamfanonin waya sun fi kowa iya wannan, har ta kai a Najeriya rawaya, ja da kore kowanne ya zama kamar sunan wani layi.

Daga ƙarshe, me aka bari a waje? Ba a nuna cefanen ba, ba a nuna naman da kayan ƙamshin da ainihi suka yi miyar ba, ba a ambaci yawan gishirin da ke cikin dunƙulen ba, ba a faɗi farashi ba. Ka ware fili na musamman a takardarka don wannan tambayar, domin abin da talla ya yi shiru a kansa yakan fi abin da ya faɗa bayani.

Mataki na huɗu: gano wanda ake yi dominsa

Hausawa sun ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Talla ma haka ne, kowa na ji, amma da mutum ɗaya ake. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su rubuta "an yi shi don kowa da kowa". Babu tallan da ake yi don kowa.

Koma kan bayanan da ka rubuta a mataki na farko. Tallan da ya faɗo a tsakiyar labaran ƙarfe 9 na dare a NTA yana neman magidanci ne, ma'aikaci ko ɗan kasuwa, shi ya sa bankuna da hukumomin gwamnati ke son wurin. Wanda ya katse wasan kwaikwayo mai dogon zango a Arewa24 yana neman matan gida da 'yan mata. Na hutun rabin lokaci a wasan ƙwallon Ingila samari yake farauta, kuma a nan ne za ka ga tallan data, lemon ƙara kuzari da na caca. Na gab da shan ruwa kuwa yana neman iyali gaba ɗaya a lokacin da ciki ba komai, babu sa'ar da tallan abinci ya fi kama mutum kamar wannan.

Bayan lokaci sai harshe. Akwai bambanci tsakanin tallan da aka yi tunaninsa da Hausa da wanda aka shirya a Legas aka ɗora masa muryar Hausa daga baya. Na biyun za ka gane shi: baki yana motsi daban, magana daban, jimlolin kuma suna tafiya da ɗingishi saboda an bi Turancin sawu da ƙafa. Wannan yana gaya maka matsayin mai kallo Bahaushe a lissafin kamfanin, ko shi aka nufa tun farko, ko kuwa an tuna da shi ne bayan an gama rabo. Idan ka ga an ɗauko jarumin Kannywood, an yi gaisuwa yadda ake yi, an zauna a tabarma an ci da hannu, to an kashe kuɗi na musamman don kasuwar Arewa. Tun ranar 1 ga Oktoba 2022, hukumar kula da tallace-tallace ta Najeriya, ARCON, ta hana amfani da 'yan ƙasar waje a matsayin fuskar talla ko muryarsa a tallan da ake yi wa 'yan Najeriya. Idan kana kwatanta tsohon talla da sabo, ka sa wannan a lissafi.

Akwai wata rarrabewa da nake ganin ta fi duk sauran amfani. Mai amfani da haja daban, mai biyan kuɗi daban, mai matsa lamba a saya daban. A tallan taliyar da na fara da shi, yaro ne mai ci kuma shi ne mai naci, uwa ce mai dafawa, uba ne mai fitar da kuɗi. Saboda haka tallan yake magana da baki biyu: waƙa da rawa da launi don yaro, sannan wata murya mai natsuwa ta ambaci sinadaran gina jiki don uwa ta samu abin da za ta kare kanta da shi. Nemo waɗannan bakuna biyu a duk tallan da ka ɗauka.

Girman hajar da aka nuna ma shaida ne. Tun da Cowbell ya shigo da madarar gari a ƙaramar leda a farkon shekarun 1990, kasuwar Najeriya ta koma ta ƙulli-ƙulli. Tallan da ya ɗaga ƙaramar leda sama yana ambaton farashinta da ƙarfi yana magana ne da mai cin yau da na yau. Wanda ya nuna babban gwangwani a keken babban kanti da mai albashi yake.

Idan ka tattara waɗannan, rubuta mutum ɗaya, ba rukuni ba. Misali: matar aure mai shekara tsakanin 20 da 35, a birni ko babban gari, tana zaune kusa da dangin miji, tana jin Hausa fiye da Turanci, kuma abin da ya fi damunta kada a raina girkinta. In ka iya rubuta irin wannan jimla kuma kowace gaɓa tana da shaida a takardunka, ka gama wannan mataki.

Mataki na biyar: fito da saƙon

Kowane talla yana da saƙo biyu. Na fili shi ne wanda aka furta: sabulun nan yana fitar da datti, layin nan yana da sauri. Wannan ba ya buƙatar wahala. Na ɓoye shi ne wanda hoto da kiɗa da jeri suka gina, kuma hanyar da na fi samun sauƙin kamo shi ita ce cike wannan jimla: "Idan ka sayi kaza, za ka zama kaza, ka tsira daga kaza."

Gwada ta a kan tallan dunƙule. Idan kika sayi wannan, za ki zama matar da ake yabo, ki tsira daga gorin uwar miji. Ka ga ashe ba ɗanɗano ake sayarwa ba, kwanciyar hankali a gidan aure ake sayarwa, kuma kafin a sayar da ita sai da aka fara tayar da tsoron rasa ta. Gaɓar ƙarshen nan, ta abin da ake tsira daga gare shi, ita ce ta fi ɓuya. Tallan man shafawa yana taɓa tsoron rashin miji ko shigowar kishiya, na man goge baki tsoron a kauce maka a cikin mutane, na makarantar kuɗi tsoron a bar ɗanka a baya. Irin wanda ya fi ci mini rai shi ne na man da ke nuna yarinya baƙa cikin ɓacin rai, sai bayan ta yi haske a ga ta samu aiki ko manemi. 'Ya'yanmu mata suna kallon wannan tun ba su san ciwon kansu ba.

Sai ka duba da wace igiya aka jawo mai kallo. Tun zamanin Aristotle na Girka aka kasa hanyoyin shawo kan mutum gida uku, kuma har yau ba su canza ba: darajar mai magana, motsa zuciya, da hujjar hankali. Farin kwat na likita, fuskar jarumi ko ɗan ƙwallo, muryar dattijo, duk na farkon ne. Tsohon tallan madarar Peak da aka gina kan ɗan ƙwallo Nwankwo Kanu, inda ake nuna yaro Papilo (laƙabin Kanu ke nan) yana buga ƙwallo har ya girma ya zama abin alfahari, ya haɗa na farko da na biyu: an ari darajar gwarzo, an kuma taɓa burin kowace uwa. Hujjar hankali kuwa ita ce lambobi, farashi, gwajin riga biyu a bokiti biyu. Ka auna wanne ya fi yawa cikin daƙiƙun tallanka. Galibi za ka tarar hujja ba ta da yawa.

Misali mafi kyau da na sani na saƙon da ba a furta ba ya faru a watan Afrilun 2013, lokacin da hukumar sadarwa ta NCC ta ƙaddamar da tsarin da mutum zai sauya kamfanin waya ba tare da ya rasa lambarsa ba. Ɗan wasan barkwanci Hafiz Oyetoro, wanda aka fi sani da Saka, ya daɗe yana fitowa a tallan Etisalat mai launin kore. Kwatsam sai ga shi a tallan MTN, ya fara da alamar kore a jikinsa, ya juyo sai kayan suka koma rawaya, yana rawa yana cewa da Turancin buroka shi fa ya sauya sheƙa. Ba a tsaya dogon bayanin tsarin ba, ba a kuma buƙaci kushe kowa da baki ba. Mutumin da kansa shi ne saƙon: wanda ma ake biya ya yabi wancan layin ya baro shi, kai me kake jira? Wanda bai san tarihin Saka ba zai ga rawa kawai. Darasin da ke nan ga mai nazari shi ne, wani lokaci ma'anar talla tana wajen tallan, a cikin abin da masu kallo suka riga suka sani. Don haka ka tambayi me ke faruwa a gari a makon da aka sake shi.

Akwai kuma saƙon da kamfani bai yi niyya ba amma ya fito. Wani tsohon tallan MTN ya nuna magidanci ya kira mahaifiyarsa a ƙauye daga asibiti yana shaida mata an haifi namiji, ƙauye ya kaure da murna. Abin da aka so a nuna shi ne layin ya kai har karkara. Abin da masu fafutukar haƙƙin mata suka ji shi ne haihuwar namiji ce abin shagali, kuma suka yi ta sukar tallan. Duk ɓangarorin biyu abin da ke cikin hoton suka karanta. Saboda haka bayan ka fitar da saƙon da aka nufa, sake tambaya: wace al'ada ko wane ra'ayi tallan ya ɗauka a matsayin abin da ba ya buƙatar tambaya? Wa zai kalli wannan ya ji an rage masa daraja?

Mataki na shida: ɗora da'awar a sikeli

Dokin mai baki ya fi gudu, don haka koma kan kalmomin da ka rubuta a kallo na uku ka ja layi ƙarƙashin duk wata da'awa. Ka raba su biyu: wadda za a iya gwadawa, da wadda romon baka ce kawai. "Daɗi har kunne" ba a gwada shi, ba kuma laifi ba ne. "Yana kashe ƙwayoyin cuta kashi kaza cikin ɗari" ana gwadawa, sai a tambayi wa ya gwada, a ina, kan waɗanne ƙwayoyi.

Akwai kalmomin zamewa da ya kamata kunnenka ya saba da su. "Har zuwa" na nufin ƙololuwa, kai kuma mai yiwuwa a ƙasa za ka tsaya. "Yana taimakawa wajen" bai ce yana yi ba. "Ya fi ƙarfi" ko "ya fi tsafta", ya fi me? Ba a faɗa ba. "Kyauta" kusan kullum tana da sharaɗi a gindinta. Tsayar da hoton a daƙiƙun ƙarshe ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, waɗanda ake nunawa na ƙiftawar ido kuma sau da yawa da Turanci ko da tallan na Hausa ne. A can za ka ga garaɓasar datar ta dare ce kawai, ko ta sababbin layuka ce, ko ruwan bashin na wata ne ba na shekara ba. Ɗauki biro ka yi lissafin da kanka: bashin da aka ce ruwansa kashi 5 ne a wata, a shekara ya kai kashi 60 ko fiye.

Tallan magani ya fi kowanne buƙatar tsanani, domin a nan kuskure rai yake ci. Duba ko an nuna lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kuma kana iya bincika magani a kundin hukumar na intanet da ake kira Greenbook. Saurari gargaɗin nan da ake karantowa da gudu a ƙarshe, cewa idan ciwo ya ci gaba a ga likita, ka kwatanta saurinsa da yadda aka ja sunan maganin a hankali. A jikin yawancin magungunan gargajiya da aka yi wa rajista akwai rubutun da ke cewa NAFDAC ba ta tantance da'awar warkarwar ba. Lambar tana nuna an duba cewa ba ya cutarwa, ba shaidar yana warkar da duk abin da mai talla ya lissafa ba ce. Duk maganin da aka ce shi kaɗai yana maganin basir, sanyi, hawan jini da ciwon suga, ka rubuta wannan a rahotonka da babban baƙi.

Sanin doka yana ƙara wa nazari nauyi. A ƙa'ida, talla ba ya fita a Najeriya sai kwamitin tantancewa na ARCON ya amince da shi. Hukumar ta gaji tsohuwar hukumar talla ta APCON ne a 2022. Tashoshin kansu suna ƙarƙashin hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta NBC da aka kafa a 1992. Dokar taba ta 2015 ta haramta tallan sigari, kuma tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar da ta hana tallata madarar jarirai ga jama'a a matsayin madadin nonon uwa. Idan tallan da kake nazari ya taɓa ɗaya daga cikin waɗannan, ko ya kewaye su ta bayan gida, ka nuna daidai daƙiƙar da hakan ta faru.

Mataki na bakwai: rubuta hukuncinka

Shafi ɗaya ya isa. Faɗi tallan da inda ka gan shi, bayyana abin da ke ciki a taƙaice, kawo mutumin da ake nufi da shaidarka, rubuta saƙon fili da na ɓoye, sannan ka yanke hukunci kan tambaya biyu da bai kamata a cakuɗa su ba: tallan ya yi aikinsa, kuma tallan ya yi gaskiya? Akwai talla mai kyau ƙwarai da ke yaudara, akwai mai gaskiya da ba wanda zai tuna shi. Duk jimlar da ka rubuta ka jingina ta da wani abu da ka gani ko ka ji, da daƙiƙarsa. In kana da hali, nuna wa mutum biyu daga cikin waɗanda kake ganin su aka nufa, ka ji abin da za su ce kafin ka gaya musu naka. Sau da yawa sukan ga abin da ya wuce ka.

Da yara kuwa ba sai an bi matakan duka ba, kashe sautin kaɗai ya wadatar. Bayan sallah na gwada da 'yar ƙanwar tawa. Da tallan taliyar ya zo na danne sauti, na ce ta gaya mini abin da take gani. Da farko ta yi fushi an hana ta waƙarta. Can sai ta matsa kusa da talabijin ta yi shiru tana kallo, har yaran cikin tallan suka gama tsalle-tsallensu. Ta juyo ta ce, "Kawu, ai ba su cinye ba, kwanon nasu yana nan a cike."